Kwana Uku a Tsohon Birnin Xi'an

Na shafe wata 14 ina koyar da harshen Hausa a wata jami'a da ke Beijing kafin na fita daga birnin da niyyar yawon buɗe ido. Sha'awar tana nan tun ranar da na sauka, amma hutun malami a ƙasar Sin yana faɗowa ne daidai lokacin da kowa yake hutu, kuma duk wanda ya taɓa leƙa tashar jirgin ƙasa a makon farko na watan Oktoba, lokacin bikin ranar kafa ƙasa, ya san ma'anar cinkoso a ƙasar da jama'arta suka kai biliyan ɗaya da miliyan 400. Saboda haka na yi ta ɗage tafiya, har wata rana darasi ya kawo mu kan kalmar ganuwa.

Ina yi wa 'yan aji biyu bayanin yadda aka kewaye Kano da ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ina rubuta musu sunayen ƙofofi a allo, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce garinsu ma yana da ganuwa, kuma har yau ana hawa keke a kanta a zagaya birni. Ɗan Xi'an ne, birnin da ake furta sunansa kamar Shi'an, hedikwatar lardin Shaanxi. Da ya ga alamar mamaki a fuskata sai ya mayar mini da karin maganar da ni na koya musu a zangon baya, ya ce, "Malam, gani ya kori ji." A daren nan na buɗe kalanda na zaɓi mako na biyu na watan Nuwamba, lokacin da baƙin hutu suka watse kuma sanyi bai kai ga tsanani ba.

Matakin farko shi ne neman izini. Ina da darasi ranar Juma'a da safe, kuma a tsarin makarantarmu malami ba ya ɗage darasi da fatar baki. Sai ya cika takarda, ya faɗi dalili, ya nuna rana da ɗakin da zai rama, sannan shugaban sashe ya sa hannu. Na shawarci ɗalibai muka tsayar da yammacin Laraba mai zuwa, na kuma sanar da ofishin da ke kula da malamai baƙi inda za ni da ranar da zan dawo. Kwana biyu aka yi takarda ta fito. Daga nan sai tikitin jirgin ƙasa, wanda ake saye ta manhajar 12306 ta hukumar jiragen ƙasa. Baƙo sai ya fara yin rajista da fasfo ɗinsa an tantance shi, kuma ana buɗe sayar da tikiti kwana 15 kafin ranar tafiya, don haka na sa ƙararrawa a waya saboda kada kujerun yammacin Alhamis su ƙare. Na biya ɗan abin da ya haura yuan 500 a kujera mai daraja ta biyu. Ba a ba ni takarda ko ɗaya ba, domin fasfo ɗin shi ne tikitin, kuma wannan ne ya sa na saka shi a aljihun ciki na babbar rigar sanyi ban sake raba shi da jikina ba har na dawo.

Masauki ne ya fi ba ni wahala. Doka ta tanadi a yi wa kowane baƙo rajista da 'yan sanda cikin awa 24 a duk inda ya kwana, kuma otal ne yake yin wannan aiki a madadin mutum. Wani ƙaramin otal da na fara kamawa saboda arha ya aiko mini da saƙo washegari cewa ba zai iya karɓar mai fasfon waje ba, ya mayar mini da kuɗina. Abin ya ɓata mini rai, amma na gode Allah da saƙon ya zo ina Beijing, ba ina tsaye a bakin ƙofarsu da jaka cikin dare ba. Na nemi wani a cikin ganuwa, kusa da Hasumiyar Ƙararrawa, na roƙi ɗalibin nan ya buga musu waya ya tabbatar. Abu na ƙarshe shi ne kama gurbi a wuraren tarihi, domin manyan wurare yanzu suna ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana, ana yin rajista ta manhajar WeChat da suna da lambar fasfo. Na samu gurbin gidan sojojin yumɓu, wato dubban mutum-mutumin sojoji da aka binne kusa da kabarin wani sarki, na safiyar Asabar a kan yuan 120. Babban gidan tarihin lardin Shaanxi kuwa, wanda shigarsa kyauta ce, na makara, na tarar gurabensa sun cika. Kafin na tashi, ɗalibin ya rubuta mini haruffan Sinanci biyu a ɗan ƙaramin kati, waɗanda ake karantawa qingzhen, ya ce duk gidan abincin da na ga wannan alama a ƙofarsa na halal ne.

Ranar Alhamis bayan darasin rana na nufi tashar yamma ta Beijing. 'Yan ƙasa suna ɗora katin shaidarsu a na'ura ƙofa ta buɗe, ni kuma na bi layin gefe inda ma'aikaci yake duba fasfo da hannu. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,200, ta bi ta Shijiazhuang da Zhengzhou da Luoyang, kuma allon da ke saman ƙofar tarago ya yi ta nuna gudun kilomita 300 da 'yan kai a awa ɗaya. Cikin awa biyar da 'yan mintoci muka sauka a tashar arewa ta Xi'an, na shiga layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya ajiye ni a tsakiyar birni. Da na fito daga matakala, Hasumiyar Ƙararrawa ce ta fara tarbata, tana haske a tsakiyar shataletale, motoci suna kewaya ginin da aka fara kafawa a 1384. A otal aka ɗauki hoton fasfo da shafin izinin zama, aka ba ni makulli, na yi sallolin da ke kaina na kwanta.

Da sassafe na hau ganuwa ta ƙofar kudu, wadda ake kira Yongning, bayan na biya yuan 54. Ɗalibina bai ƙara gishiri ba. Tsawon ganuwar a tsaye mita 12 ne, faɗin samanta ya kai mita 12 zuwa 14, wato motoci biyu za su iya gilma wa juna a kai ba tare da sun gogu ba, kuma zagayenta kilomita 13.7 ne. An gina ta a shekarun 1370, a farkon daular Ming, a kan wani sashe na harsashin birnin Chang'an, wato tsohon sunan Xi'an, na daular Tang. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cikinta ƙasa ce da aka daddaɓe hawa-hawa, danginta ɗaya da badalar da na taso ina hawa ina gangarowa a Kano. Sai a 1568 aka lulluɓe ta da gasasshen tubali mai ruwan toka, daga baya kuma aka yi mata indararo a jere domin ruwan sama kada ya kwanta ya ci cikinta. A kowace tazarar mita 120 akwai wani ɓangare da ya turo waje, an auna nisan ne yadda maharba biyu daga gefe da gefe za su iya haɗa kibau a kan duk wanda ya kusanci gindin ganuwa.

Na karɓi hayar keke na zagaya ta cikin kusan awa biyu, ina tsayawa ina dubawa. Ta hannun ciki rufin gidaje ne gajeru da lunguna, ta hannun waje ramin ruwan da ya kewaye birni da lambuna inda tsofaffi suke motsa jiki, bayansu kuma dogayen benaye. A wani wuri ta ɓangaren yamma na tarar da magina uku sun killace ɗan fili, suna cire tubalan da suka farfashe suna sa sababbi, ɗaya daga cikinsu yana ƙwanƙwasa kowane tubali da guduma yana sauraron ƙararsa kafin ya yanke hukunci. Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Ganuwar Xi'an ma ta sha wuya: an huda ta, an kwashe tubalinta an yi gidaje, kuma a shekarun 1950 an yi maganar rushe ta kamar yadda aka rushe ta Beijing domin a shimfiɗa titi. A 1961 aka sa ta cikin jerin kayan tarihin da ƙasa take karewa, a 1983 aka fara babban gyara, kuma magina ukun nan shaida ne cewa gyaran bai ƙare ba. A kan keken na tuna ɓangaren badala da ke tsakanin Ƙofar Na'isa da Ƙofar Gadon Ƙaya, yadda kowace damina take zaizaye shi, zuciyata ta yi nauyi ƙwarai.

Wajen sha biyun rana na sauko na bi ta ƙarƙashin Hasumiyar Ganga na shiga unguwar Musulmi, inda ƙabilar Hui suka zauna tun ɗaruruwan shekaru. Babban titin unguwar cike yake da 'yan yawon buɗe ido da hayaƙin gashin nama, amma da na karkata cikin lungun Huajue, na wuce 'yan tireda masu sayar da kayan tsaraba, sai hayaniya ta yanke. Mai tsaron ƙofar Babban Masallaci ya dube ni, na yi masa sallama, ya amsa da cikakkiyar amsa ya nuna mini hanya ba tare da ya karɓi kuɗin shiga da ake karɓa a hannun masu kallo ba. Wanda bai sani ba zai wuce wurin yana zaton gidan wani basarake ne, domin babu ƙubba, babu doguwar hasumiya irin wadda muka saba. Farfajiya ce bayan farfajiya, da ƙofofin katako masu lanƙwasasshen rufi, da bishiyoyi, da allunan dutse. Ana danganta kafuwar masallacin da shekara ta 742, zamanin Tang, lokacin da fataken Larabawa da Farisawa suke zuwa Chang'an ta hanyar siliki, gine-ginen da ke tsaye yanzu kuwa daga daular Ming suka faro. Sai mutum ya matso zai ga rubutun da ke saman ƙofofi Larabci ne, an ja shi da salon alƙalamin Sinawa.

Na yi alwala da ruwan ɗumi a wani ɗaki da ke gefe. Da na shiga ɗakin salla, wanda yake ɗaukar mutum kamar 1,000, jikina ya so ya juya gabas bisa sabo, alhali a Xi'an alƙibla tana yamma, kuma duk ginin masallacin a miƙe yake daga gabas zuwa yamma saboda haka. A bangon ɗakin an sassaƙa Alƙur'ani a jikin manyan allunan katako. Limamin, wanda suke kira ahong, ya yi wa'azi da Sinanci, sannan ya yi huɗuba da Larabci, kuma tun da mutanen Hui mabiya mazhabar Hanafiyya ne, na lura da 'yan bambance-bambance a nafilfilin da suke yi kafin salla da bayanta. Bayan an idar wani dattijo mai farar hula ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya tambaye ni da guntun Larabcinsa daga ina nake. Na ce Nijeriya, na ƙara da cewa malami ne ni. Ya yi murmushi ya ambaci maganar nan da muka sha ji tun muna makarantar allo, ta neman ilimi ko da a birnin Sin ne. Malaman hadisi sun yi magana a kan ingancinta, amma jin ta daga bakin dattijon da aka haifa a birnin Sin ɗin, a ƙofar masallacin kakanninsa, ya sa idanuna suka cika da ƙwalla.

Shi ne ya nuna mini gidan abincin da na ci yangrou paomo, abincin da Xi'an take tinƙaho da shi. Ana ba mutum kwano da wata gurasa mai tauri guda biyu, shi zai zauna ya marmasa ta da hannu har ta koma kamar ƙwayoyin wake, sannan a karɓi kwanon a kai kicin a dafa da romon rago, a dawo da shi tare da tafarnuwa mai zaƙi-zaƙi da niƙaƙƙen barkono. Marmasawar kaɗai ta ɗauke ni minti 20. Duk Bakanon da ya san gurasa da romo ba zai ji baƙunta a gaban wannan kwano ba.

Asabar ita ce ranar da na ware wa sojojin yumɓu, waɗanda suke gundumar Lintong, kimanin kilomita 40 gabas da birni. Na bi layi na 1 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, na canza zuwa layi na 9, na sauka a Huaqing na hau bas, duka tafiyar awa ɗaya da rabi. A bakin hanya mata suna sayar da rumman da wani jan ɗan itace mai zaƙi, ɗan uwan kanya, waɗanda yankin ya shahara da su. Tun daga wurin ajiye motoci mutane suka yi ta tare ni, wasu suna tallan ƙananan mutum-mutumi a kwali, wasu suna neman su zama 'yan rakiya. Na wuce su na nuna fasfo a ƙofa, na karɓi hayar ɗan na'urar da ake sawa a kunne tana yin bayani, domin ina so na tsaya inda na ga dama gwargwadon yadda na ga dama.

Asalin gano wurin rijiya ce. A watan Maris na 1974 wasu manoma suna haƙa rijiya saboda fari, sai suka ci karo da gutsattsarin gasasshen yumɓu da kawunan kibau na tagulla. Abin da suka tono gefen rundunar Qin Shi Huang ce, sarkin da ya hau gadon mulkin ƙasar Qin yana ɗan shekara 13, ya ci sauran ƙasashe shida da yaƙi, ya haɗe Sin a ƙarƙashin mulki ɗaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. Shi ne ya daidaita rubutu da kuɗi da ma'auni, har da faɗin ƙafafun keken doki, domin kowane keke ya dace da sawun da ke kan hanya. An buɗe wurin ga jama'a a 1979, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1987.

Rami na ɗaya yana ƙarƙashin wata makekiyar rumfa, tsawonsa mita 230, faɗinsa mita 62. Na ɗauki minti goma ina kutsawa cikin jama'a kafin na kai bakin ƙarfen da ke gaba, kuma da na kai na manta da turereniyar. Sahu-sahu suke tsaye, suna fuskantar gabas, kowanne tsawon cikakken namiji, a cikin lunguna da aka shimfiɗe da tubali. An ƙiyasta cewa wannan rami kaɗai yana ɗauke da kusan 6,000, ramukan uku kuma kusan 8,000, har da dawaki. An gina su ne gaɓa-gaɓa, ƙafafu daban, gangar jiki ta hanyar ɗora murɗaɗɗen yumɓu a kan ɗan uwansa kamar yadda maginan tukwane suke ɗaga randa, kai kuma a zubi, sannan a bi da hannu a fitar da gashin baki da ƙullin gashi da girar kowane. Shi ya sa duk inda na kai ido fuskar daban ce. A jikin da yawa daga cikinsu akwai hatimi ko sunan shugaban maginan da suka yi aikin, domin idan an sami aibi a san wanda za a kama.

Yawancin mutane a gaban ramin suke ɗaukar hoto su juya. Ni na bi gefe har ƙarshen rumfar, kuma a can na ga abin da ya sauya mini fahimtar wurin gaba ɗaya. Sojojin da ke tsaye a sahun gaba ba a haka aka same su ba. Rufin katakon da ke kansu ya ƙone ya rufta tun zamanin da, ya ragargaza kusan dukkansu, don haka kowane wanda na gani tsaye an tattara shi ne daga tarin gutsattsari. A bayan ramin akwai tebura da ma'aikata sanye da safar hannu, gabansu tire-tire na ɓaraguzai masu lamba, suna gwada wannan da wancan. Kusa da su sojoji ne jere, wani babu kai, wani babu hannu, wani an ɗaure ƙirjinsa da ɗamara har gam ya kama. Akwai kuma dogayen wurare da aka bari a rufe da ƙasa da gangan. Dalili shi ne asali sojojin a fente suke da launuka masu haske a kan shafen ƙaron wata bishiya, kuma da zarar busasshiyar iska ta taɓa ƙaron sai ya nannaɗe cikin daƙiƙu ya zube da fentin. Masana suka zaɓi su jira har dabarar adana launi ta inganta. Aikin ya kai shekara 50 ana yi, kuma waɗanda suka fara shi sun san ba za su ga ƙarshensa ba.

A rami na biyu, inda mahaya dawaki da maharba suke, an keɓe wasu a cikin gilashi yadda mutum zai zagaya su. Na daɗe a bayan wani maharbi da ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ina kallon tafin takalminsa, domin maginin ya zana kowane ɗinki na ƙasan takalmin, ya cusa su a diddige da wajen yatsu, ya sassauta a tsakiya, a wurin da ya san za a binne babu mai gani. Rami na uku ƙarami ne, mutum-mutumi 68 ne a ciki, ana ɗaukarsa mazaunin kwamandoji, ban daɗe a can ba. Motar gidan tarihin ta kai ni kabarin sarkin, mai nisan kilomita ɗaya da rabi, wanda tudu ne kawai lulluɓe da bishiyoyi. A kusa da shi aka ajiye kekunan doki biyu na tagulla da aka tono a 1980, kowanne rabin girman na gaske. Kabarin kansa ba a buɗe shi ba har yau. Masanin tarihi Sima Qian, wanda ya rayu kusan ƙarni ɗaya bayan sarkin, ya rubuta cewa mutum 700,000 aka sa aikin, kuma an yi koguna da teku na zaiba a ciki. Gwajin ƙasar tudun da aka yi a zamaninmu ya nuna zaiba mai yawa fiye da ƙima. Sarkin da ya tura jiragen ruwa neman maganin mutuwa ya rasu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa yana da shekara 49, daularsa kuma ta rushe 'yan shekaru kaɗan bayansa. A gindin tudun na tuna ayoyin da suke umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, na kuma tuna dubban talakawan da aka raba da gonakinsu domin su haƙa wannan wuri.

Safiyar Lahadi na ba wa Dajin Allunan Dutse, wato Beilin, da ke kusa da ganuwar kudu, wanda aka fara tara alluna a cikinsa tun 1087. A matsayina na malami, abin da ya fi jan hankalina shi ne alluna 114 da aka kammala sassaƙawa a 837, ɗauke da manyan littattafan koyarwar Confucius, babban malamin hikima na Sinawa, haruffa sama da 650,000. An yi su ne saboda masu kwafa da hannu suna shigar da kurakurai, sai aka kafa matani guda a dutse wanda ɗalibi zai zo ya gwada nasa da shi. A wani ɗaki na ga allon da aka kafa a 781, mai ba da labarin zuwan Kiristoci daga yamma a 635, da rubutun Suryaniyanci a gefensa, abin da yake nuna irin baƙin da Chang'an ta karɓa a zamaninta. Na kalli wani ma'aikaci yana manna jiƙaƙƙiyar takarda a jikin allo, yana bubbuga ta da ƙullin tsumma mai tawada har rubutu ya fito fari a cikin baƙi. Babbar Hasumiyar Dinya, wadda aka gina a 652 domin adana littattafan da malamin addinin Buddha Xuanzang ya kawo daga Indiya bayan tafiyar shekara 16, daga farfajiya kawai na kalli hawanta bakwai, saboda lokacin jirgi ya matso.

Na isa Beijing bayan isha'i, kuma da na yi lissafi, kuɗin jirgi na zuwa da dawowa ne ya cinye fiye da rabin abin da na kashe. Ranar Laraba a darasin ramuwa na ba ɗalibai labarin tafiyar da Hausa, ina rubuta sababbin kalmomi a allo: yumɓu, tubali, indararo, sulke, maharbi. Ɗan Xi'an ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya, "Malam, ita ganuwar Kano ana iya zagaya ta a keke?" Na gaya masa gaskiya, cewa ƙofofi da dama suna nan an sake gina su, amma ganuwar kanta ta yanke a wurare da yawa, wani wurin ta zama tudu, wani wurin gini ya hau kanta. A daren na kira ƙanina na ce ya bi titin da ya tashi daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Kabuga ya ɗauko mini hoton duk ɓangaren da ya rage a tsaye. Ya turo hotuna 23, na jera su bisa tsarin ƙofofi, kuma da su na buɗe darasin ranar Juma'a.